Bango da Motsi: Fasahar Zamani a Libreville da Rabonmu a Cikinta

 

Da yawa cikinmu Hausawan Libreville idan sun ga saurayi riƙe da gwangwanin fenti yana zane a jikin katanga, ko sun ga ƙarafa da aka harhaɗa suna juyawa da iska, sai su ce ai wannan al'adar Turawa ce. Maganata a yau ita ce, zanen da ke fita titi da ƙirar da ke motsi tsofaffin abubuwa ne a ƙasar Gabon da ƙasar Hausa. Mu ne muka yi sake da su.

Bari mu fara da masu masaukinmu. Kabilar Punu ta kudancin Gabon tana da fuskar itace da ake shafe ta da farar ƙasa, wadda ake kira mukudj. Mai rawa ne ke ɗaura ta, ya hau dogayen sanduna da aka ɗaure masa a ƙafafu, ya riƙa juyi sama da kawunan jama'a. Kabilar Fang kuwa tana da fuskar ngil, ta wata ƙungiya mai hukunta masu laifi, wadda kan fito da dare cikin hasken wuta. Masassaƙin ya san a cikin motsi za a ga aikinsa, don haka da motsin ya auna shi. Da aka kwashe fuskokin zuwa Turai sai aka kulle su cikin gilashi, rabin aikin ya mutu.

Duk da haka ragowar rabin ya girgiza Turai. A farkon ƙarni na 20 mai zane André Derain ya sayi wata fuskar Fang daga hannun abokinsa Vlaminck, kuma irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe suna cikin abubuwan da suka sauya salon zane a Faransa. A watan Maris na 2022 an yi gwanjon wata fuskar ngil a Montpellier kan yuro miliyan 4.2, alhali dillalin da ya kawo ta yuro 150 ya saye ta. 'Yan Gabon sun ɗaga murya a cikin zauren gwanjon suna neman a maido musu da kayansu, amma a Disamba 2023 kotun Faransa ta yi watsi da buƙatar gwamnatin Gabon. Neman a dawo da kayan kakanni haƙƙi ne, ina bayansa. Sai dai ina tambaya: jikan wancan masassaƙi da ke raye a unguwar Nkembo ko Akébé, nawa muke biyansa?

Jikokin suna nan suna aiki. A cocin Saint-Michel da ke Nkembo akwai ginshiƙan katako 31 da Zéphyrin Lendogno ya sassaƙa, suna tsaye a inda kowane mai wucewa zai gani. A 2009 Owanto ta wakilci Gabon a babban baje kolin fasaha na Venice a Italiya, karo na farko da ƙasar ta samu rumfarta a can. Myriam Mihindou, wadda aka haifa a Libreville a 1964, ta gabatar da aikinta mai suna Ilimb a gidan tarihi na Quai Branly da ke Faris a 2024, inda ta haɗa sassaƙa da sauti don girmama matan Punu masu kukan makoki. Boris Nzebo, haifaffen Port-Gentil mazaunin Douala, daga zanen allunan shagunan aski da kitso ya taso, har yau kuma kitso ne ginshiƙin zanensa. Kowannensu daga gida ya ɗebo, ya sarrafa da kayan zamaninsa.

To mu Hausawa fa? Wanda ya taɓa ratsa birnin Zariya ko unguwar Birni a Damagaram ya san gidan Bahaushe da fuskarsa yake magana. Magina kan fitar da dagi da sauran zane a jikin bango tun laka tana ɗanya, su kafa zanko a saman soro. A Zariya ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, da bakan gizon da masana gini ke zuwa kallo har yau. Da zamani ya sauya, maginan Zariya suka shiga zana keke da mota da agogo a ƙofar attajirai, ba su jira izinin kowa ba. A wannan gari dai ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kira da a haɗa gadon gida da dabarun zamani.

Ƙira mai motsi ma muna da ita. Duniya tana yaba Alexander Calder na Amurka, wanda tun shekarun 1930 yake rataye faranten ƙarfe da waya iska tana kaɗa su, da Theo Jansen na Holan, wanda tun 1990 yake haɗa bututun roba su yi tafiya a bakin teku da ƙarfin iska. Yaronmu da ke ƙera motar kara ko ta langa-langa, ya sa mata ƙafafun tsohon silifa da sitiyarin waya, lissafin nauyi da daidaito yake yi irin nasu. Calder ma da waya ya fara. Shi ya samu mai saye da wurin nunawa, namu kuwa tsawa yake sha, a ce yana tara shara.

Na san abin da ke ran wasu malamanmu, wato batun surar abu mai rai. Damuwa ce ta gaskiya, ba kuma zan shiga gonar masu fatawa ba. Amma filin da ya rage yana da faɗi: dagi, zayyanar da ɗaliban allo ke yi ranar sauka, aska takwas ta wuyan babbar riga, rubutun ajami, da ƙirar da iska ko ruwa ke juyawa. Duk waɗannan za su zauna daram a katangar Libreville.

Don haka ina da roƙo uku. 'Yan kasuwarmu na Mont-Bouët da sauran unguwanni, ku ba matasa bangon shagunanku, namu da 'yan ƙasa, ku kuma biya su kuɗin gwani. Malaman makarantunmu, ku kai yara gidan tarihi na ƙasa da ke bakin teku, su san hannun mutanen da muke zaune da su. Iyaye, idan yaro ya nuna baiwa, ku haɗa shi da maƙeri ko mai walda, ko ku nema masa gurbi a makarantar fasaha ta ENAM. Kakanninmu sun iso Bitam da Oyem da fatauci, aka san mu da awo da ciniki. Lokaci ya yi da za a san mu da abin da hannunmu ya ƙera.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya zaunar da Gabon lafiya.