Saƙo Zuwa Ƙarƙashin Teku: Wa Ke Riƙe da Akalar Makamin?

Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Ɗan Issa



Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora kaya daga nan zuwa Jibiya ya san zullumin sa'ar da wayar direba ta daina shiga. Ma'aikaci kuma ya san takarda ba ta zama umurni sai da sa hannun mai iko. To, ku ɗauki waɗannan biyu ku kai ƙarƙashin teku, inda kayan da aka ɗora makaman nukiliya ne.

Faransa na da jiragen ƙarƙashin teku huɗu masu dakon irin wannan kaya, mazauninsu Île Longue kusa da Brest. Kowane na ɗaukar makamai masu linzami 16, kuma tun 1972 ba a rasa ɗaya a ɓoye cikin teku. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon cewa a harba. Amma ta yaya maganarsa za ta isa?

Ruwan gishiri shanye igiyar rediyo yake yi. Igiya mai tsawon zango ƙwarai, kilomita 10 ko fiye, ita ce ke ratsa ƴan mitoci cikinsa. Don haka aka gina tashoshi irin ta Rosnay, mai turakun da wasunsu suka zarce mita 300. Jirgin kuwa doguwar waya yake ja a baya domin sauraro. Murya ba ta wucewa, sai haruffan sirri sannu-sannu. Yana ji, ba ya amsawa, don amsawa tona maɓoyarsa ce. In umurni ya zo, sai kyaftin da mataimakinsa sun tabbatar da shi tare.

To, in saƙo ya yanke fa? Ran 27 ga Oktoban 1962, lokacin rikicin Kyuba, jirgin Tarayyar Sobiyet B-59 ya rasa labarin Mosko, ga jiragen Amurka na jefa masa nakiyoyin gargaɗi. Kyaftin ya zaci yaƙi ya ɓarke, ya nemi harba makamin nukiliya. Hafsa guda, Vasili Arkhipov, ya ƙi yarda. Ranar, rayukan jama'a masu yawa sun rataya ga haƙurin mutum ɗaya.

Wani zai ce: ina ruwan biri da gada, mu da ko teku ba mu da shi? Akwai ruwanmu. A 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, maƙwabciyarmu. Yarjejeniyar tsaro ta 1961 tsakaninta da Nijar ta sanya yuraniyom cikin ma'adinan da suka shafi tsaro, kuma a 1971 Somaïr ta fara haƙarsa a Arlit. Wannan ƙarfe shi ne tushen makamashin irin waɗannan jirage, shi ne kuma asalin bama-baman.

A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar. A 2025 gwamnati ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Saboda haka alhakin ya ƙara dawowa wuyanmu. Ɗan kasuwar kirki ba kuɗi kaɗai yake ƙirgawa ba, yakan tambayi inda kayansa za su. Kowane ne mai saye, haƙƙin ɗan ƙasa ne ya san sharuɗɗan cinikin: wutar lantarki za a yi da shi, ko makami?

Allah ya ba mu zaman lafiya.