Jawabi a Kan Wuta Uku da Hayaƙinsu, Ga Jama'ar Samaru da Sabon Gari

Da sunan Allah nake farawa, gare Shi nake neman dacewa.  An umurce ni in yi magana a kan hayaƙi. Ni kuwa ɗan makarantar allo ne, ban zauna a benci ba, saboda haka abin da zan kawo na lissafi na karɓo shi ne daga masana wannan fanni, na auna shi da abin da idona ke gani a unguwanninmu. Na kasa maganar fasali uku, da mas'ala ɗaya, da tanbihi.

Muƙaddima

Ku sani, ya ku 'yan'uwa, duk abin da aka ƙona, itace ne ko gawayi ko fetur, yana fid da hayaƙi iri biyu. Akwai wanda ido ke gani, shi ne mai sa hawaye da tari. Akwai kuma wanda ba shi da launi ba shi da wari, masana suna kiransa iskar kabon. Shi wannan na biyu sama yake hawa ya taru, ya zama wa duniya kamar bargo: zafin rana ya shigo, fita ta yi masa wuya. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iska akwai kimanin kashi 280 nasa. Yau ya haura 420. Daga nan ne zafi ke ƙaruwa, damina ta riƙa saɓa alkawari, wata shekara fari, wata shekara ambaliya.

Domin wannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris a 2015. A 2021 kuma, a taron Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗaukar wa Nijeriya alkawarin cewa zuwa 2060 abin da ƙasar ke fitarwa na wannan iska ba zai fi abin da take shanyewa ba. To, wannan alkawari na manya ne, can nesa aka yi shi. Amma wutar da ke fid da hayaƙin a tsakar gidajenmu take, da ƙofar rumfunanmu, da zaurukan karatunmu. Wuta uku ce.

Fasali na farko: wutar murhu

Kowa ya san motocin itace da buhunan gawayi da ke shigowa Zariya kullum, kowa kuma ya san cewa daga nesa suke zuwa yanzu, domin na kusa ya ƙare. Itacen da aka sare aka dasa wani a madadinsa, sabon yakan shanye hayaƙin tsohon yayin da yake girma. Wanda aka sare ba a dasa ba, hasara biyu ke nan, an saki hayaƙi, an kuma kashe mai shanye shi. Gawayi ya fi muni, gama kafin a sami buhu ɗaya sai an turɓuɗe itace mai nauyinsa biyar ko fiye, yana ci a ƙarƙashin ƙasa, zafinsa yana tafiya a banza.

Wa ke fara biyan wannan bashi? Uwargida ce, da goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum kimanin miliyan 3.2 ne hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwarsu. Mu maza muna zaure, tuwo yana iske mu da zafinsa, ba mu ga idon da ya yi ja kafin ya nuna ba.

Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa ta gefe yake tserewa, kaɗan ne ke taɓa gindin tukunya. Akwai murhu na ƙarfe mai suna Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna da wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair suka daɗe suna yaɗawa a Arewa. Yana tattara wuta ƙarƙashin tukunya, 'yan ƙirare yake ci, masu shi kuma sun ce yana rage itace kashi 80 cikin 100. Yana da akwati mai riƙe zafi, a tafasa shinkafa ko wake a sauke a rufe a ciki, ya ƙarasa nuna ba wuta. Wanda hannunsa bai kai nan ba, ko murhun laka mai baki ɗaya da maginan tukwane za su iya yi, ya fi duwatsu uku tattali. Matanmu kuwa sun riga mu sanin hanyar sayen abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, watau adashi. Mata goma, kowane wata ɗaya ta ɗauki murhu, kafin shekara ta zagayo layin nan duka ya sauya.

Fasali na biyu: wutar janareta

Sabon Gari ya tashi ne a gindin jirgin ƙasa bayan dogo ya iso Zariya a 1911, tun ran nan gari ne na sana'a. Tela, da mai walda, da mai aski, da mai markaɗe, da mai cajin waya, kowa abincinsa a wuta yake. In an ɗauke, kowa ya ja igiyar injinsa, kasuwa ta ɗauki ruri, mai saye da mai sayarwa su koma ciniki da hannu kamar kurame.

Ga lissafi, ku riƙe shi. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana haifar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon. In wani ya ce, yaya lita wadda ba ta kai kilo ɗaya ba za ta haifi abin da ya fi ta nauyi? Sai mu ce, domin wuta ba ta ci sai da iska, fetur ɗin yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, nauyinsu biyu ne ke tashi. To, a ƙaddara layi mai rumfa 20, kowace tana shan lita 2 a yini. Lita 40 ke nan. A kwana 300 na aiki lita 12,000, hayaƙinta kilo 27,600, watau nauyin buhun masara 276. Wannan layi ɗaya ne a kasuwa ɗaya.

Sa'an nan ku dubi aljihu. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, a 2024 lita ta haura naira 1,000. Bisa wannan farashi, layin nan ya ƙona naira miliyan 12 a shekara, ba abin da ya rage masa sai toshewar kunne. Ban da wannan akwai wata guba a hayaƙin janareta wadda ba ta da wari, ta sha kashe iyali gaba ɗaya cikin barci inda aka kunna shi a ɗaki ko a soro rufe. Kada wanda ya tashi daga wannan majalisi ya sake kwana da inji ƙarƙashin rufi ɗaya.

A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin wuta mai tasowa daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Kun ga waɗanda suka sha ruwa a kwanakin nan ba su nemi fetur ba: masu rijiyar burtsatse mai farantin sola ne. Rana ba a sace wayarta, ba a yi mata layi a gidan mai.

An kuwa gwada wannan a maƙwabtanmu. A 2018 Hukumar Samar da Wuta a Karkara ta gwamnatin tarayya ta shigar da wutar sola kasuwar Sabon Gari ta Kano, aka shimfiɗa faranti bisa rufi, aka ja waya rumfa rumfa, kowa yana biyan gwargwadon abin da ya sha. A 2019 aka buɗe wa Jami'ar Bayero tashar sola mai megawat 7.1. Ranar da ke haska Kano ita ce ke haska Zazzau. Tela ɗaya ba ya iya sayen faranti da batir, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin da layi ke kai wa gidan mai, in an tara shi asusu ɗaya, shi ne zai sayi kayan.

Fasali na uku: wutar karatu

Wannan tamu ce, mu malamai. Mun gaji hura wuta a tsakar makaranta domin karatun dare da na asuba, ƙolawa su fita neman kara da itace, a zauna kewaye da ita da alluna. Iyayenmu sun yi haka ne domin ita ce fitilar da suka samu. Abin nema haske ne, haske kuwa ya samu ta wata hanya. Faranti ɗaya matsakaici, da batir, da ƙwayaye huɗu masu ƙarancin cin wuta, sun isa zaure. Yaro ya ga wasali sarai, ya daina murza ido, ya huta da yawon dare neman makamashi. Wutar jin ɗumi a kwanakin hunturu wannan daban ce, ba wanda zai hana yaro ita. Amma sauran watanni me muke ƙonawa? Iyayen yara da tsofaffin ɗalibai da suka yi ƙarfi a kasuwa, in an gaya musu buƙatar a fili da adadinta, za su yi.

Mas'ala

In wani ya ce, mu ba mu ne muka ɓata sararin sama ba, Amurka ce da Turai da Sin, don me za a ɗora wa mai kunu laifin mai masana'anta? Sai mu ce, ka yi gaskiya. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal ba, Nijeriya kuwa ko kashi 1 ba ta kai ba. Haƙƙin gyara mafi girma yana wuyansu, shugabanninmu kuma su ci gaba da neman sa. Amma hayaƙin murhunka ƙirjin matarka yake fara shiga kafin ya kai sama, kuɗin fetur daga aljihunka yake fita, dajin da ya ƙare gonarka ce iska za ta kwashe. Wanda gobara ta taso masa daga maƙwabta, yana kuka da maƙwabcin yana kuma ɗibar ruwa.

Tanbihi

Wannan shi ne mafi nauyin abin da na zo da shi. Duk mun ga fitilun sola na titi da aka kafa da kiɗa da tafi, bayan shekara biyu suka zama sanduna. Sababinsa ɗaya ne, kayan da aka ce na kowa ne ba mai shi. Faranti yakan kai shekara 20 ko fiye, batir kuwa na ruwa 'yan shekaru kaɗan yake yi. Saboda haka duk jama'ar da za ta haɗa kuɗi ta tsai da sharuɗɗa biyar tun kafin a saya. Na farko, a naɗa mutum ɗaya amintacce mai kula, a san shi da suna. Na biyu, a buɗe asusun batir daga watan farko, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa jama'a. Na uku, a riƙa goge faranti, musamman da hunturu, domin ƙura tana rage masa ƙarfi. Na huɗu, kada a ɗora wa kayan abin da ya fi ƙarfinsu, kamar dutsen guga da abin dafa ruwa, kada kuma a tatse batir ƙarƙaf. Na biyar, mataccen batir a mai da shi ga masu saye, kada a fasa shi a gida, gama akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa ita ce ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010 daga wuraren haƙar zinariya. Ku guji kuma kayan jabu, araha ba ta ado.

Masu sani ba su yi mana nisa ba. Tun 1922 aka kafa gidan binciken noma a Samaru, a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, tana kuma da cibiya ta binciken makamashi. Ɗaliban injiniya haya suke a gidajenmu, shago ɗaya muke sayayya da su. Ba kunya ba ce malami ya tambayi ɗan boko girman farantin da zai ishi zaurensa, yadda manomi ke karɓar irin masara daga Samaru ya shuka ya gode.

Hatima

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowace makaranta, da kowane layin kasuwa, da kowane rukunin adashi, su zauna cikin wannan wata su rubuta abin da suke kashewa a itace da gawayi da fetur na mako ɗaya. Su kawo takardar majalisi mai zuwa, mu haɗa lissafi, mu ga inda za a fara. Wanda kuma ya sare itace ɗaya, ya dasa biyu da damina, ya killace su daga awaki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare 'ya'yanmu. Haza wasalam.