Gambarar Zamani da 'Ya'yanmu a Abuja

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da matasa na ƙungiyarmu)



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan waƙar nan da Turawa ke kira rap, wadda gidajen rediyon Hausa suka laƙaba wa suna gambarar zamani. Da aka kawo mana batun sai da muka yi jim. Muna fama da tsadar haya, da kuɗin makaranta, da fargabar rusau, sai a ce a tara dattawa a kan waƙa? Amma da muka zauna muka duba, sai muka ga maganar ta shafi abu biyu da babu baƙon da ya isa ya yi wasa da su a garin da ya zo nema, wato harshensa da tarbiyyar 'ya'yansa.

ASALIN ABIN

Wannan waƙa a unguwar talakawa aka haife ta. Masu tarihinta suna fara lissafi daga ranar 11 ga Agusta 1973, da wani saurayi ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya haɗa ɗan biki a wani gidan haya a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Unguwa ce ta baƙar fata da baƙin haure, babu aikin yi, gidaje suna ta ƙonewa. Yaran ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai faifan garmaho da lasifika. Wani ya riƙa maimaita wurin da ganga ta fi daɗi a faifan, wani kuma ya ɗauki makirufo yana jero magana a kai.

A 1979 aka fitar da faifan Rapper's Delight, abin ya shiga rediyo. Manya a can suka ce yayi ne, a ba shi shekara biyu zai wuce. To, a 2017 lissafin kasuwar waƙa a Amurka ya nuna rap da danginta sun zarce kowane irin kiɗa yawan masu saurare. A 2018 aka ba mawaƙi Kendrick Lamar kyautar Pulitzer, wadda a fannin kiɗa ba a taɓa ba ɗan gambara ba. A 2023 aka yi bikin cikarta shekara 50. Jama'a, abin da ya shekara hamsin yana haihuwa ai ya wuce a kira shi yayi.

Me ya sa ta daɗe haka? A ganinmu dalili uku ne. Na farko, ba ta da tsada: yaro mai wayar hannu da baki ya isa ya fara. Na biyu, magana ce jarinta, ko muryarka ba ta da zaƙi, in kana da abin faɗa za a saurare ka. Na uku, duk ƙasar da ta sauka sai ta koyi harshen masu gida.

YADDA TA ISO MU

A Nijeriya, ƙarshen shekarun 1990 ne ƙungiyar The Remedies ta yi tashe a Legas, kuma ɗaya daga cikinsu, Eedris Abdulkareem, a Kano ya tashi. Waƙarsa Jaga Jaga ta 2004 ta fusata shugaban ƙasa na lokacin, Olusegun Obasanjo, har aka hana sa ta a rediyo. Shekara 21 bayan haka, a 2025, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta sake hana wata waƙarsa. Kun ga ke nan har yanzu maganarsa tana isa inda yake son ta isa.

Shi kansa wannan gari namu ba a bar shi a baya ba. Mode 9, wanda aka sha ba shi kyautar gwanin tsara kalmomi a Nijeriya, a Abuja ya fara suna, yana aiki a gidan rediyo. Odumodublvck, wanda waƙarsa Declan Rice ta cika ƙasa a 2023, shi ma a nan ya girma. Jos ta ba da M.I Abaga da Ice Prince. Su Dagrin, wanda ya rasu a 2010, da Olamide suka ɗauki Yarbanci, Phyno ya ɗauki harshen Ibo, suka nuna cewa ba sai da Turanci ake cin kasuwa ba.

Hausa ma ta samu nata. A Yamai akwai ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong, masu gwama Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A Gana, samarin VIP daga Nima suka fito, wato zangon 'yan uwanmu na birnin Akra, mutanen da zamansu ya yi kama da namu. A Kano an yi Ziriums, wanda waƙarsa Girgiza Kai tana cikin waƙoƙi 11 da wata kotu ta haramta a 2009, lokacin takun saƙa tsakanin mawaƙa da hukumar tace fina-finai. Bayansu ga su ClassiQ da BOC Madaki daga Bauchi, ga DJ AB daga Kaduna, ga Deezell, da wasu da 'ya'yanmu suka fi mu sanin sunayensu.

BAƘUWA CE KO 'YAR GIDA?

Iyayenmu, mu yi wa kanmu adalci. Wanda ya fara kiran wannan waƙa gambara bai yi kuskure ba. Mu da muka tashi a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya mun ga 'yan gambara a kasuwa, wannan ya jefa magana wancan ya cafe. Mun ji kirarin 'yan dambe da na mafarauta, inda namiji ke yabon kansa yana ƙasƙantar da abokin karawa. Mun san zambo da habaici a bakin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, nan take yake ƙirƙirar waƙa a tsakiyar fili, babu takarda babu alƙalami. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba wanda ke kallo. Yabon kai, da gugar zana, da waƙar nan take, da yi wa talaka magana, su ne ginshiƙan rap, kuma duk mun gaje su. Ganga ce kawai ta sauya.

ABIN DA YA SHAFE MU A NAN

Tun da aka dawo da babban birnin tarayya nan a ranar 12 ga Disamba 1991, mun haifi 'ya'ya a Nyanya da Karu da Kubwa da Gwagwa da Dei-Dei da Zuba da Mpape, wasunsu yanzu har sun ba mu jikoki. Yaron nan a makaranta Turanci yake yi, a layi da abokansa Gwarawa da Ibo da Tibi buroka yake yi, Hausa kuwa sai in za a aike shi sayen magi. Ka ce ya ƙirga daga hamsin zuwa ɗari da Hausa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. In an je gida da salla, 'yan uwansa su yi ta yi masa dariya suna ce masa ɗan Abuja.

Amma wannan yaron dai, ka saurare shi a bayan ɗaki, zai rera maka waƙar DJ AB daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Wasunsu ma rubuta tasu suke yi a bayan littafin makaranta. Shi kuwa mai neman kalmar da za ta yi amsa-amo da wata, dole ya tara kalmomi. Mun ga yaran da ba su taɓa tambayar ma'anar karin magana ba, yau suna bin kakarsu suna tambaya, don suna son abin da za su ƙure abokin hamayya da shi. A garin da ake ganin Hausa harshen mai gadi ne da mai shayi da ɗan acaɓa, wannan waƙa ta sa yaro ya ɗaga kai ya ce shi ɗan Arewa ne a gaban kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

INDA GIZO KE SAƘA

Ba mu zo nan don mu wanke ta tas ba. Akwai batsa a cikinta, akwai zagin mata, akwai tallar shaye-shaye da nuna kuɗin da ba a san asalinsu ba. Gaba tsakanin mawaƙa a Amurka ta kai ga an harbe Tupac Shakur a 1996, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997, dukansu ba su wuce shekara 25 ba. A nan gida kuwa, duk mun san ɓarnar da kodin ya yi wa samari da matan aure kafin gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Waƙar da ke ƙawata kwalba da ƙwaya a idon yaro abokiyar gabarmu ce, ko da Hausar Sakkwato aka yi ta.

Sai dai mu tuna, gambararmu ta gargajiya ma ba a san ta da kunya ba, kuma iyayenmu ba su ce a fasa kowace ganga a gari saboda ita ba. Sun koya mana wadda ake ji da wadda ake toshe kunne. A da, uba yana iya ƙwace kaset ya taka. Yau waƙar tana cikin YouTube da Audiomack da TikTok, a aljihun yaro, da abin sa wa a kunne. In ka hana a falo, zai ji a bakin titi, kuma ka rasa damar ce masa komai a kai.

INA AKA DOSA?

Akwai masu cewa kasuwarta ta fara ja baya. A Nijeriya kiɗan rawa irin su Afrobeats da amapiano sun fi kawo kuɗi, har a 2017 M.I ya fitar da waƙa yana yi wa 'yan uwansa mawaƙan rap faɗa a kan su gyara. A Amurka ma, a watan Oktoba 2025 an samu makon da babu waƙar rap ko ɗaya a cikin 40 na saman jadawalin Billboard, abin da ba a gani ba tun 1990. Duk da haka, mu a namu hangen, sauya riga take yi. Salonta ya riga ya shiga cikin sauran waƙoƙi, da tallace-tallace, da waƙoƙin siyasa. Muddin akwai saurayi mai ƙorafi a ransa da waya a hannunsa, za a yi ta. Ta Hausa kuwa yanzu take tasowa, don masu jin Hausa daga Sudan zuwa Gana miliyoyi ne, kuma intanet ta rushe shingen da ke tsakaninsu. Tambayar da ta rage mana ita ce, me za a zuba a cikinta, kuma wa zai zuba?

SHAWARWARINMU

Ga iyaye: mu zauna mu ji abin da 'ya'yanmu ke ji, ko sau ɗaya a mako. Ka ce, "Ɗana, fassara mini wannan." In ya kasa faɗa a gabanka don kunya, ya ba kansa amsa. Mu kuma mu sa musu Shata da Ɗan Maraya da Barmani Choge a gida, mu karanta musu Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, su san gidan da suka fito akwai gwanaye.

Ga ƙungiya: muna roƙon kwamitin matasa ya duba yiwuwar shirya gasar waƙa duk shekara bayan salla, da Hausa zalla, ba batsa ba zagi, a sa malaman Hausa da dattawa su yi alƙalanci. A ba su batu daga rayuwarmu: rusau, da layin ruwa, da cunkoson hanyar Nyanya da safe, da zaman lafiya da maƙwabtanmu Gwarawa da muka tarar a wannan ƙasa.

Ga ku 'ya'yanmu: ba mu hana ku ba, amma kada waƙa ta raba ku da makaranta ko sana'a, don a cikin dubu masu rerawa kaɗan ne ke cin abinci da ita. Ku rubuta abin da za ku iya rerawa mahaifiyarku tana zaune. Ku sani duk inda kuka buɗe baki da Hausa a garin nan, da sunanmu gaba ɗaya kuke magana.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaran nan namu ne, harshen da suke waƙar da shi ma namu ne. In mun faɗi daidai, to madalla, in mun yi kuskure a gafarce mu.  Allah ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.