Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Kumburi Ba: Yadda Ake Gane Ciwon Afendis



Da yawa daga cikinmu da ke zaune a birane mun saba da kiran waya daga gida a ce mana, "Cikin wane ne ke ciwo tun jiya." Mukan aika da 'yan kuɗi a je kemis, hankalinmu ya kwanta. Sau da yawa kumburin ciki ne, ya wuce da kansa. Amma Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Akwai ciwon da ke fara sallama da kamannin kumburi, alhali idan aka yi sakaci yakan kai ga rasa rai, wato ciwon afendis.

Afendis wani ɗan tsiro ne mai kama da yatsa, tsawonsa kimanin santimita 9, yana maƙale a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta ɓangaren dama. Idan bakinsa ya toshe, galibi da busasshen bayan gida ko kumburin ƙwayoyin da ke bangonsa, sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, ya kumbura, ya tara mugunya. Ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, kuma cikin mutum 100 wajen 7 ko 8 za su gamu da shi a tsawon rayuwarsu. Bai san sarki ba, bai san talaka ba. A 1902 saura kwana biyu a yi bikin naɗin Sarki Edward na 7 na Ingila aka yi masa aiki saboda wannan ciwo, dole aka ɗage bikin daga 26 ga Yuni zuwa 9 ga Agusta.

To, ta yaya za a bambance shi da kumburi? Ga tambayoyi huɗu da kowannenmu zai iya yi ko da ta waya ne.

Ta farko: a ina ciwon yake? Ciwon iska yawo yake yi, yanzu yana nan, anjima yana can. Na afendis kuwa yakan soma a kewayen cibiya, bayan awa 12 zuwa 24 ya gangara ƙasan ciki ta dama ya kafe, har mai shi ya iya nuna wurin da yatsa ɗaya. Wurin yana tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu na dama, ya fi kusa da ƙashin. Wani likitan Amurka, Charles McBurney, shi ya bayyana shi a 1889, har yau likitoci na kiran wurin da sunansa.

Ta biyu: yana sauƙi ko ƙaruwa yake? Kumburi yakan murɗa ya saki, yakan lafa idan an yi gyatsa, ko an fitar da iska, ko an zagaya. Afendis ba ya saki, sai dai gaba.

Ta uku: yaya yake ji idan ya motsa? Mai kumburi yakan ji daɗin ɗan tattaki. Mai afendis ya fi son ya kwanta shiru ya naɗe ƙafafu. Tari, dariya, ko gargadar hanya a mota duk suna soka masa ciwon, yana tafiya a duƙe.

Ta huɗu: yana cin abinci? Mai afendis yakan ƙi ko da abincin da ya fi so, sai tashin zuciya, amai bayan ciwon ya soma, da ɗan zazzaɓi.

Idan amsoshin nan sun karkata ga afendis, kada a jira gari ya waye. A nufi asibitin da ake tiyata. Kada a ba shi maganin wankin ciki ko jiƙon kanwa, kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a danna ko a murza. A dakatar da ci da sha har likita ya gan shi, domin ana iya bukatar aiki. Maganin kashe zafi da ake saya a kemis yana iya kwantar da ciwon, a zaci an warke, lokaci kuma na tafiya. Haɗarin fashewa yana ƙaruwa sosai bayan awa 36 zuwa 48. Abin tsoro ma shi ne, idan ya fashe ciwon kan ɗan lafa, 'yan gida su yi murna, alhali mugunya ta bazu cikin ciki. Daga nan sai ciki ya yi tauri kamar katako, zazzaɓi ya tsananta.

A kula da cewa ƙananan yara, tsofaffi da masu juna biyu ba lallai alamun su zo musu a jere haka ba. Ga mai ciki, ciwon na iya hawowa sama. Haka kuma hujewar hanji sanadin taifod, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, suna iya kama da afendis, kuma duk na gaggawa ne. Tantancewa aikin likita ne, ta hanyar duba jiki, gwajin jini da hoton ciki.

Idan aka je da wuri, aikin cire shi ba mai tsawo ba ne, a kwana kaɗan ake sallama, kuma mutum yana rayuwa lafiya ƙalau ba tare da shi ba. Wasu da nasu bai yi tsanani ba likita kan gwada musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma a ƙarƙashin kulawar asibiti, domin yakan dawo.

'Yan'uwa, roƙona shi ne, ranar da wayar nan ta zo, kafin ku tambayi kuɗin magani ku yi tambayoyin nan huɗu. Idan kun yi shakka, ku aika da kuɗin mota. Gara a je asibiti a ce iska ce a dawo ana dariya, da a zauna gida a ce da mun sani.

 Allah Ya ƙara mana lafiya.