Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Cikon Bayan Bango

Abin da ya tara mu a Gezawa shi ne maganar bangon kwalbati, wanda a ke ginawa da bulo da siminti da rodi. Sau da yawa a kan gama gini yau, gobe a kwarara ƙasa a bayansa, bango ya tsage, kuɗin jama'a su salwanta. Dalili kuwa, siminti ba ya cika ƙarfi sai ya kwana 28. Saboda haka malamai su rubuta ranar da aka gama, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda, balle da hunturu. In kwanakin sun cika, a zuba ƙasa inci 6, a daɓe, kāna a ƙara. A bar ƙofofin ruwa saboda damina. Haza wasalam.