Cinikin Kwamfuta Ta Hannu Da Lasin Manhajarta

Jawabi ga hakiman ƙasar Zazzau da malaman ofisoshinsu

Maganar yau a kan cinikin kwamfuta ta hannu ce, watau wadda wani ya riga ya yi aiki da ita. Irin wannan ciniki ya samu gindin zama a Birnin Zariya, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, saboda yawan ɗalibai da ma'aikata. In gardama ta tashi kuwa, sau da yawa wurin mai unguwa ko hakimi a kan fara kai ta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kwamfuta abu biyu ce. Akwai akwatin da a ke gani, wannan dukiyar mai shi ce, ya ga dama ya sayar. Akwai kuma manhaja, wadda ta ke sa akwatin aiki. Ita ba a mallake ta ba, izinin aiki da ita kaɗai aka samu, shi a ke kira lasin. Hakimai sun san misalin wannan a wajen ƙasa. Bisa dokar filaye ta 1978, mai riƙe da gona ko fili iznin zama gare shi, ba ya kuwa miƙa shi ga wani sai da yardar hukuma.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 1923 da ɗari, watau 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta lissafa manhaja cikin rubutattun ayyuka, daidai da littafi. Wanda ya sayar da ta jabu yana iya fuskantar tara ko ɗauri.

Lasin iri huɗu ne a ka fi saduwa da su.

Na ɗaya, wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta, kamar yawancin Windows na kamfanin Microsoft. Wannan yana bin akwatinsa duk inda ya tafi, ba a raba su. A da a kan manna takardar shaida mai lamba a jikin akwatin. Tun daga Windows 8, a shekarar 2012, manyan masana'antu su kan dasa lambar a cikin na'urar.

Na biyu, wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa. Mai saye na farko yana iya miƙa shi ga wani, amma da sharaɗin kada ya rage wa kansa kwafi.

Na uku, wanda wata ma'aikata ko makaranta ta ɗauka a dunƙule domin ma'aikatanta. Galibi wannan yana nan hannun ma'aikatar ko da ta yi gwanjon tsofaffin kwamfutocinta. Nan ne mutane su ka fi ruɗuwa, gama na'ura ta kan yi aiki lafiya ran ciniki, daga baya ta nemi lasin.

Na huɗu, na haya, wanda a ke biya wata-wata ko shekara-shekara, kamar Microsoft 365. Wannan a ɗaure ya ke da sunan mai biya, ba ya shiga ciniki. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma manhajar da masu ita su ka yarda kowa ya kwafa, kamar Ubuntu da LibreOffice. Wanda ba shi da lasin sahihi, gara ya sa waɗannan kafin ya sayar.

Ƙasashen waje ma ba su zama baki ɗaya ba. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta hana sake sayar da manhajar kamfanin Autodesk. A 2012 kuwa kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanin Oracle, ta halatta sayar da lasin dindindin in mai shi ya kashe nasa kwafin. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalan Nijeriya ba. Saboda haka abin dogara a nan shi ne dokar ƙasa, da sharuɗɗan lasin, da abin da a ka rubuta ran ciniki.

To, in an zo wa malamin hakimi da irin wannan ciniki, ya kyautu ya rubuta sunayen mai saye da mai sayarwa da dillali da shaidu, da lambar jikin na'urar, da sunan kowace manhaja da irin lasinta, da wanda ya shiga ciniki da wanda bai shiga ba. A haɗa da rasit na asali in yana nan. Mai sayarwa ya share takardunsa da hotunansa da kalmomin sirrinsa tukuna.

Sa'an nan shari'a ta wajabta bayyana aibin kaya. Microsoft ya daina aika gyaran da ya saba yi wa Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Lalle a gaya wa mai saye wannan kafin a yi sallama.

Ana roƙon hakimai su isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwa, su kuma su sanar da talakawa. Allah ya sa a gane, amin.