Masu Sauka Da Masu Hawa: Jawabi A Kan Kwamitin Taimakon Karatu

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin mataimakan editan wannan shafi ya yi a unguwar Wunti, cikin birnin Bauchi, a gaban 'yan'uwa mazauna Kudu waɗanda suka zo gida Salla, ran da ƙungiyarsu ta yi ban kwana da tsofaffin wakilan kwamitinta mai ba da shawara a kan taimakon karatu, ta kuma gabatar da sababbi.



An umurce ni in yi magana a madadin mu da muke neman abinci a Kudu, watau mutanen Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. Ba don na fi kowa sani aka zaɓe ni ba. Iyakacin karatuna sakandare, aikina kuwa gyaran rubutun waɗansu ne a gidan jarida. Amma wanda karatu ya kuɓuce masa saboda rashin kuɗi, lalle yana da abin faɗa a inda ake zancen kuɗin karatu.

Da farko ina miƙa godiyarmu ga iyayenmu da suka sauka yau. Sun yi aikin nan ba albashi ba alawus, kuma sun sha tsegumi, gama kwamitin shawara ba ya riƙe da ko kwabo, abin da ke hannunsa sunaye ne kurum, amma duk wanda sunan ɗansa bai fito ba su zai zarga. Allah ya saka musu da alheri.

To, kada wani ya raina rubuta suna. Mu mutanen Bauchi mun fi kowa sanin abin da yake haifarwa. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, malamin makaranta ne a Midil ta nan Bauchi bayan ya fito Kwalejin Katsina a 1933. A cikin 1945 aka sa sunansa cikin 'yan malaman Arewa ƙalilan da aka ba sukolashif zuwa Jami'ar Landan su koyo aikin malanta. Ya komo a 1946, ya shiga Majalisar Arewa, a 1957 ya zama Firayim Minista. Ga kabarinsa nan cikin gari, yaranmu na wucewa ta gabansa kullum. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin nan, ya bi sawunsa zuwa Landan a 1946. Kafin su duka, a 1934, Malam Sa'adu Zungur ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, lokacin da ɗan Arewa bai taɓa shiga cikinta ba. Yanzu ga jami'ar tarayya da sunan Ɓalewa, ga ta jiha a Gaɗau da sunan Zungur. Kowannensu sai da waɗansu mutane suka zauna a ɗaki suka ce, a tura wane. Ba mu san sunan yawancin masu zaman nan ba, kuma haka aikin yake.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Tun 1916 aka kafa Sabo a Badun. Akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a can aka yanke musu cibiya, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, haraji kuma can suke biya. Amma ran da yaro ya sami shiga jami'a ya nemi taimakon jihar da aka haife shi, sai a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ba za a ba shi ba. Tun tsarin mulki na 1979 ake danganta mutum da jihar da iyayensa ko kakanninsa suka fito, na 1999 ma bai sake wannan ba. Sai yaron ya juyo gida. A gida kuwa sai an sami mai unguwa ko dagaci wanda ya san kakansa, alhali kuwa kakan ya bar gari da buhun goro tun kafin a ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. Waɗansu ma da kakansu ya tashi garinsu na cikin Bauchi, tun 1996 ya koma Jihar Gwambe, su ba su da labari. In Allah ya sa takardar ta samu, saura zuwa ganawa, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Ikko, kuma sau da yawa kuɗin mota zuwa da komowa ya kai abin da za a ba shi, ko ya fi. Uba mai sayar da tumatir a Mil 12 in ya yi lissafi, sai ya ce wa yaro ya haƙura ya kama rumfa. Ba ƙin karatu ya yi ba, lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Don irin waɗannan yara aka kafa kwamitin nan, kuma saboda su nake jin tsoron ranar sauyi irin ta yau. Ga dalilina.

Shekarar da na gama sakandare na sami gurbi a wata babbar makaranta. Na kai takarduna wani ofishi, ba zan faɗi sunansa ba, wani dattijo daga cikin wakilai ya duba ya ce, "Ɗana, ka cancanta, ka dawo bayan wata biyu." Na dawo na tarar an rushe wakilan duka rana ɗaya, ba a naɗa waɗansu ba tukuna. Da sababbi suka zo, ba wanda ya san ni, fayil ɗina kuwa aka neme shi sama da ƙasa aka rasa. Ban ce wani ya zalunce ni da gangan ba. Alkawarin yana cikin kan dattijon nan ne, ya tafi gida da abinsa. Kafin a ce a sake cika fom, lokacin rajista ya wuce. Shi ke nan karatuna.

Kada ku ɗauka wannan ciwon ƙananan ofisoshi ne kaɗai. A watan Yuni na 2023 Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin gudanarwa na ma'aikatunta, har da majalisun jami'o'i, sai da aka yi kusan shekara guda kana aka naɗa sababbi, ƙungiyar malaman jami'a tana ta kuka. A 2024 ɗalibanmu da ke karatu a Maroko da Rasha da waɗansu ƙasashe bisa yarjejeniyar musayar ɗalibai sun yi ta ƙorafin an yi watanni ba a biya su alawus ba, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar daina tura sababbi. Har Amurka abin bai bari ba. Hukumar da ke kula da sukolashif na Fulbright, wanda aka kafa tun 1946, wakilai 12 gare ta. A watan Yuni na 2025 mutum 11 suka ajiye aiki rana ɗaya, suna zargin gwamnati da soke sunayen waɗanda aka riga aka zaɓa. Ko wa ke da gaskiya, manya sun koma gidajensu, ɗalibin da ya riga ya ɗaure kaya shi aka bari a tasha.

Saboda haka roƙona ga iyayenmu masu sauka shi ne, kada su tashi daga wurin nan sai sun miƙa littafi. Ba jerin waɗanda aka biya kaɗai ba, har da wanda aka ce wa ya dawo, da wanda ya rage masa shekara ɗaya ya gama, da marainiyar da aka yi wa alkawari da baki a wurin ta'aziyya. A rubuta, a sa hannu, a karanta a gaban sababbi. Kuma ina ba ƙungiya shawara, nan gaba kada a sake sauke wakilai duka lokaci guda. A riƙa sauke sulusi ana barin sauran, yadda kullum za a sami wanda ya san jiya a ɗakin.

Ku kuma sababbi, maraba da ku, amma fa ku sani ba kujerar girma aka ba ku ba. Na yi murna ƙwarai da na ga malama mace a cikinku, gama akwai uwayen da ba za su iya tsayawa gaban maza su faɗi halin da gida ke ciki ba, 'ya'ya mata kuwa su ake fara cirewa in kuɗi ya gaza. Za a zo muku da ɗan wane da jikan wane. Wanda ya iya zuwa ƙofar gidanku da dare, yawanci ba shi ne mabukaci ba.

Akwai kuma aikin da bai bukatar kwabo. Tun watan Mayu na 2024 asusun ba ɗalibai rance na Tarayya, NELFUND, ya fara karɓar takardu ta intanet. Yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kai tsaye, ba ruwa a kansa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, kuma wajibi ne a gaya wa iyaye haka ƙarara, kada su ɗauka rabon gwamnati ne. Amma da yawa daga cikin mutanenmu na Kudu ba su san yadda ake cikawa ba, waɗansu kuma lambar ɗan ƙasa ta yaron ba ta dace da sunan da ke takardar jarrabawarsa ba, a nan Muhammadu, a can Mamman. Kwamiti na iya zaunar da yaro ɗaya mai kwamfuta a kowane zango ya gyara wannan. Haka nan duk sanarwar da Hukumar Sukolashif ta Jiha ta fitar, a aika wa sarakunan Hausawa da limaman Juma'a na can a ranar, kada mu ji labari bayan an rufe.

Abu na ƙarshe, Malam Shugaba, ganawar nan. In ba za a iya tura wakilai biyu Ikko da Badun sau ɗaya a shekara ba, to a gana da yaran ta waya mai hoto, Sarkin Hausawan wurin yana zaune a matsayin shaida. Mu mutanen Agege mun yi shawara kafin mu taso, mun ɗauki nauyin masauki da abincin duk wakilin da aka turo. Sakatare ya rubuta wannan a littafin tun yanzu, mu sa hannu kafin motarmu ta tashi gobe da asuba.